Ƙwayar Cutar da Ke Zama a Cikin Mai Kashe Ta: Yadda Garkuwar Jikin Mutum Ke Fama da Lishmaniya

Mutane biyu za su iya kwana a ɗaki ɗaya, ƙudan rairayi iri ɗaya ya cije su, ya zuba musu ƙwayar cuta iri ɗaya, amma ɗaya ya rayu har tsufansa bai san wani abu ya shige shi ba, ɗayan kuma bayan wasu watanni ya kwanta da zazzaɓi mai naci, saifarsa ta kumbura har ta cika masa ciki, jininsa ya yi ƙasa, ya rame ya zama abin tausayi. Wannan bambanci shi ne ya fi ɗaukar hankalina a sha'anin cutar lishmaniya, domin babban ɓangare na amsarsa yana cikin jikin wanda aka ciza, a yadda ƙwayoyin garkuwarsa suka karɓi baƙuwar tun daga sa'o'in farko har zuwa shekaru bayan an ce ya warke.

Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira Leishmania, halitta ce mai ƙwaya ɗaya, kuma akwai ire-irenta fiye da 20 da ke kama ɗan Adam. Macen ƙudan rairayi ce ke yaɗa ta idan ta zo shan jini, ƙudan da tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma an san ire-iren wannan ƙuda fiye da 90 da ke iya ɗaukar cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane 700,000 zuwa miliyan ɗaya ne ke kamuwa a kowace shekara. Mafi yawansu gyambon fata suke yi, wanda yakan warke ya bar tabo na har abada. Wasu kaɗan, musamman a Bolibiya, Barazil, Peru da Habasha, cutar kan cinye musu naman cikin hanci da baki da maƙogwaro. Sai kuma mafi muni, wato kala-azar, mai kama saifa da hanta da ɓargo, wadda ke kama mutane 50,000 zuwa 90,000 a shekara, kuma idan ba a yi magani ba tana kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ta kwantar. Tun a shekarar 1903 William Leishman da Charles Donovan, kowannensu a nasa wurin, suka ba da labarin ganin ƙwayar a cikin saifar marasa lafiya da suka kamu a Indiya, kuma abin da suka gani a madubin ƙara girma shi ne ainihin matsalar da ake fama da ita har yau: ƙwayoyin cutar suna zaune ne cunkus a cikin ƙwayoyin garkuwar da aka halitta domin su cinye irinsu.

Ƙudan rairayi ba ya huda jijiya kai tsaye yadda sauro ke yi. Yakan yayyaga fata ne da bakinsa har jini ya taru, sannan ya sha daga wannan ɗan tafkin, saboda haka cizon nasa rauni ne na gaske, komai ƙanƙantarsa. Abin da yake zubawa a raunin kuwa ya wuce ƙwayar cuta kaɗai. Akwai yawunsa, mai ɗauke da sinadaran da ke buɗe jijiyoyi da hana jini daskarewa, akwai kuma wani abu mai yauƙi da ƙwayar cutar ke haɗawa a cikin hanjin ƙudan, wanda ke toshe masa maƙogwaro har ya zama sai ya amayo shi kafin ya iya shan jini. A shekarar 1988 Richard Titus da José Ribeiro suka nuna cewa idan aka cuɗa ƙwayar cutar da yawun ƙuda aka yi wa ɓeraye allura, gyambon da ke fitowa ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun fi yawa. Tun daga nan aka gane cewa ƙudan yana gyara wa cutar wurin sauka.

Da shigar ƙwayoyin cutar, waɗanda a wannan mataki dogaye ne masu wutsiyar iyo, abin da suke fara gamuwa da shi shi ne wasu furotin na cikin ruwan jini da ke manne wa baƙuwar halitta su huda ta. Da yawa daga cikinsu a nan suke mutuwa cikin mintuna. Waɗanda suka tsira suna da wata riga mai kauri a jikinsu, da wani sinadari mai yanka furotin da ake kira GP63, wanda ke datse furotin ɗin da ya manne musu ya hana shi ƙarasa hudawar, amma ya bar guntunsa a jikinsu. Wannan guntun da ya rage shi ne alamar da ƙwayoyin garkuwa masu haɗiya ke ganewa su haɗiye abin da ke ɗauke da ita ba tare da tayar da hayaniya ba. Ashe makamin da aka harba wa ƙwayar cutar shi ta mayar mabuɗin shiga.

Masu fara isowa wurin raunin su ne nitirofil, waɗanda suka fi kowane nau'in fararen ƙwayoyin jini yawa a jikin mutum. A shekarar 2008 Nathan Peters da David Sacks da abokan aikinsu a Amurka suka ɗauki hoton abin da ke faruwa a kunnen ɓera mai rai bayan cizon ƙuda, aka ga nitirofil suna tururuwa zuwa wurin cikin ƙasa da sa'a guda, suna haɗiye ƙwayoyin cutar. Abin mamaki shi ne ba sa kashe su duka, kuma da aka kawar da nitirofil daga jikin ɓerayen kafin cizo, sai cutar ta fi wahalar kafuwa. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, nitirofil ba ta da tsawon rai, kuma idan ta mutu mutuwar da jiki ya saba da ita, sai makurofej, wata babbar ƙwayar garkuwa mai haɗiya, ta zo ta kwashe gawar cikin natsuwa, tana fitar da sinadaran kwantar da kumburi, domin a wurinta shara ce kawai ake yi. Ƙwayar cutar da ke ɓoye a cikin gawar, ko wadda ta fito daga cikinta a daidai lokacin, sai ta shiga makurofej ɗin da ba ta cikin shirin faɗa. Duk da haka bai kamata a ɗora wa nitirofil laifi kacokan ba. Masu bincike a Barazil sun nuna a shekarar 2009 cewa nitirofil ɗin mutum kan fesa wata raga da aka saƙa da sinadarin gadonta, ragar ta kama ƙwayoyin Leishmania amazonensis ta kashe su. Wane ɓangare ne zai rinjaya ya danganta da nau'in ƙwayar cutar da kuma lokacin da ake magana a kai.

Makurofej ita ce cibiyar labarin duka. Aikinta a jiki shi ne ta haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin halitta, ta jefa su cikin wata jaka mai tsami da ke cike da sinadaran narkarwa. Leishmania takan ɗan jinkirta haɗuwar wannan jaka na ɗan lokaci, ta yar da wutsiyarta, ta dunƙule ta zama 'yar ƙaramar ƙwallo, sannan ta koma halittar da tsamin ba ya yi wa illa, har ma ta fi jin daɗin rayuwa a cikinsa. A nan take cin abin da makurofej ta narkar, ta hayayyafa har ta cika ta, ta fashe ko ta mutu, 'ya'yan su watsu zuwa makurofej na kusa. Lamarin ya yi kama da ɓarawon da ya tare a ɗakin mai gadi, yana ci daga tukunyarsa, ya kuma ɓoye masa usur. Usur ɗin a nan shi ne wani sinadarin saƙo mai suna IL-12, wanda makurofej ke fitarwa don ta kira taimako, kuma Leishmania ta ƙware wajen hana ta fitar da shi. Tana kuma kunna wasu sinadaran cikin makurofej ɗin da aikinsu shi ne kashe saƙonni, ta yadda ko an aiko mata da umarnin farkawa daga waje, umarnin zai iso da rauni.

Tun da makurofej ɗin da ta kamu ta yi shiru, wasu ne za su kai ƙara. Ƙwayoyin dendiritik, waɗanda ke zaune a fata da kuma waɗanda ke fitowa daga jini bayan kumburi ya fara, su ne ke ɗaukar guntayen ƙwayar cutar su bi hanyoyin ruwan jiki zuwa ƙullutun kaluluwa mafi kusa, su nuna wa ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ke jagorantar faɗan, abin da suka samo, suna kuma fitar da IL-12 ɗin da makurofej ta kasa fitarwa. Idan komai ya tafi daidai, ƙwayoyin T masu alamar CD4 za su rikiɗa su zama nau'in da ake kira Th1, su ninninka, su koma wurin ciwon suna fitar da intafiron-gama. Wannan sinadari, tare da wani mai suna TNF, shi ne ke tayar da makurofej daga barci har ta fara haɗa guba a cikinta, wato iskar naitirik oksaid da wasu gubobi masu ƙuna da ake samu daga iskar oksijin, ta kashe baƙin da ke cikinta. A jikin ɓera naitirik oksaid ce babbar makami, a jikin mutum kuwa an fi samun hujja a kan gubobin oksijin. Akwai wani abu a nan da ya cancanci a tsaya a kansa: makurofej tana haɗa naitirik oksaid ne daga wani sinadari mai suna arjinin, amma idan saƙon da ta samu na gyaran rauni ne maimakon na faɗa, sai ta bi da arjinin ɗin ta wata hanya, ta samar da abubuwan da ƙwayar cutar ke buƙata don ta hayayyafa. Abu ɗaya ne ke iya zama guba ko abinci, gwargwadon saƙon da ya riga isowa.

Mafi yawan wannan bayani daga ɓeraye aka samo shi, kuma tarihinsa na da muhimmanci. A shekarar 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka bayyana cewa ƙwayoyin T masu taimako, wato masu alamar CD4, sun kasu gida biyu, Th1 da Th2. Cikin 'yan shekaru, ɗakunan binciken Phillip Scott da Richard Locksley da wasu suka nuna cewa ɓerayen da ake kira C57BL/6 suna yin martanin Th1 idan aka sa musu Leishmania major, nau'in da ke haddasa gyambon fata, kuma suna warkewa, alhali ɓerayen BALB/c suna yin martanin Th2 mai fitar da sinadarin saƙo IL-4, cutar ta bazu a jikinsu ta kashe su. Misalin ya yi kyau har ya shiga kusan kowane littafin koyar da ilimin garkuwar jiki, kuma ɗalibai da yawa ta nan suka fara jin sunan lishmaniya. A ganina kyawun nasa ya yi wa marasa lafiya wata illa, domin ya sa an daɗe ana tsammanin cewa duk mai fama da cutar yana da ƙarancin intafiron-gama ne, kuma da an ƙara masa shi an gama. Da aka koma kan mutane da gaske, sai aka tarar da wani abu dabam.

Ɗauki mai kala-azar. An daɗe da sanin cewa idan aka ware fararen ƙwayoyin jininsa aka zuba musu guntayen Leishmania a ɗakin gwaje-gwaje, ba sa motsawa, kuma gwajin fata, wanda ake sa matattun ƙwayoyin cutar a ƙarƙashin fata a duba kumburi, ba ya nuna komai a jikinsa sai bayan ya warke. Daga nan aka yanke cewa garkuwarsa ta mutu. Amma da aka auna abin da ke cikin jininsa da saifarsa da ɓargonsa, sai ga intafiron-gama da TNF da yawa, har fiye da na mai lafiya, kuma da aka gwada jinin gaba ɗaya ba tare da an ware ƙwayoyinsa ba, sai aka ga yana amsawa. Wato umarnin kisa yana fita, makurofej ce ba ta bin sa, saboda akwai wani umarnin da ya danne shi, wato IL-10, sinadarin da jiki ke amfani da shi don ya rage zafin kumburi kada ya ƙone kansa. Bincike a kan marasa lafiya na jihar Bihar a Indiya, wanda Susanne Nylén da Shyam Sundar da David Sacks suka yi, ya nuna a shekarar 2007 cewa IL-10 ɗin da ke taruwa a saifa yana fitowa ne daga ƙwayoyin T, kuma ba daga sanannun ƙwayoyin T masu sasantawa ba, waɗanda aikinsu na asali shi ne kwantar da faɗan garkuwa. Daga baya aka ƙara fahimtar cewa ƙwayoyin Th1 ɗin kansu, idan faɗa ya yi tsawo, sukan fara fitar da IL-10 tare da intafiron-gama. A shekarar 2011 aka ɗauki ragowar ruwan saifar da aka zuƙo daga marasa lafiya don gano cutar, aka zuba masa sinadarin da ke toshe IL-10, sai yawan ƙwayoyin cutar ya ragu ƙwarai, a wasu ma suka ɓace. Ina ganin wannan gwaji yana cikin mafi daraja a fagen, domin da naman mutum mai ciwo aka yi shi.

Ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ma ba a zaune suke ba a jikin mai kala-azar. Suna fitar da antibodi, furotin ɗin da ke manne wa baƙuwar halitta don a gane ta, da yawan da ya wuce hankali, har furotin ɗin jini ya hauhawa, sai dai waɗannan antibodi ba sa isa ga ƙwayar da ke ɓoye cikin makurofej, kuma akwai hujja daga ɓeraye cewa idan suka lulluɓe ƙwayar cutar suna ƙara sa makurofej ta fitar da IL-10. Amfaninsu ya koma ga likita: gwajin gaggawa na rK39, wanda ake yi da ɗigon jini daga yatsa, waɗannan antibodi yake nema, ko da yake ya fi aiki a yankin Indiya fiye da Gabashin Afirka, kuma ba ya bambanta mai ciwo yanzu da wanda ya warke tuntuni. A wannan tsakanin tsarin saifa yana rushewa, wuraren da ƙwayoyin T da na dendiritik ke haɗuwa suna wargajewa, saifar da ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin jini tana lalata su, ɓargo kuma ya kasa cike giɓin. Shi ya sa masu kala-azar da yawa abin da ke ƙarasa su shi ne ciwon huhu, ko gudawa, ko tarin fuka, ko zubar jini.

A can Kudancin Amurka kuwa, Leishmania braziliensis tana nuna kishiyar wannan. Idan aka yanki ɗan nama daga bakin gyambon wanda ta kama, ƙwayoyin cutar kaɗan ne, wani lokaci ma da ƙyar ake ganinsu, amma wurin ya cika maƙil da ƙwayoyin garkuwa, intafiron-gama da TNF sun yi yawa. Aikin shekaru da Edgar Carvalho da abokansa suka yi a cibiyar lafiya ta Corte de Pedra da ke jihar Bahia ta Barazil, tare da Fernanda Novais da Phillip Scott, ya nuna cewa garkuwar jiki ce da kanta ke haƙa gyambon. Ƙwayoyin T masu alamar CD8, waɗanda aikinsu shi ne huda ƙwayar halittar da ta kamu su kashe ta, suna taruwa a wurin suna ta kisa, amma kisan ba ya taɓa Leishmania, naman mutum kawai yake lalatawa. Matattun ƙwayoyin halittar kuma suna kunna wani tsarin ƙararrawa da ke sa a fitar da IL-1β, shi kuma ya janyo ƙarin nitirofil da ƙarin ɓarna. A shekarar 2019 aka nuna cewa marasa lafiyar da alamun wannan kisa suka fi yawa a gyambonsu su ne antimoni, maganin da aka saba yi wa masu lishmaniya, ya fi kasa warkarwa. Akwai kuma wani abin da ya saɓa wa tunani, wanda likitocin yankin suka tabbatar: waɗanda aka fara yi wa magani da wuri, kafin gyambon ya fashe, sun fi samun gazawar magani fiye da waɗanda gyambonsu ya riga ya buɗe.

A cikin waɗanda wannan nau'i ya kama, wani kaso da bai kai ɗaya cikin goma ba kan ga cutar ta dawo ta cikin hanci bayan watanni ko shekaru, ta cinye guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci, ta gangara leɓe da ganɗa. A waɗannan mutane martanin Th1 ya fi na kowa ƙarfi, IL-10 kuma ya yi kaɗan, ko kuma ƙwayoyin da ya kamata su ji shi ba su da isassun wuraren karɓarsa. Sinadarin da yawansa ke kashe mai kala-azar, rashinsa ne ke lalata fuskar wannan. Da wannan fahimta aka gwada haɗa antimoni da pentoxifylline, maganin da ke rage TNF, aka ga masu ciwon hanci sun fi saurin warkewa. An kuma gano a shekarar 2011, a ɗakin binciken Nicolas Fasel da ke Lausanne ta Suwizalan, cewa wasu ƙwayoyin Leishmania na Kudancin Amurka suna ɗauke da wani bairos a cikinsu, kuma idan garkuwar jiki ta ji ƙamshinsa sai ta ƙara zafin kumburi.

A ɗaya ƙarshen akwai wani nau'in da ba kasafai ake gani ba, wanda Leishmania aethiopica ke haddasawa a Habasha, Leishmania amazonensis da Leishmania mexicana kuma a nahiyar Amurka. Jikin mutum kan cika da ƙuraje masu tauri da ba sa fashewa, kowannensu cike da makurofej da suka ƙoshi da ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin T kuma sun yi tsit. Gwajin fatar da likita João Montenegro ya ƙirƙiro a Barazil a shekarar 1926, inda ake sa matattun ƙwayoyin cutar a ƙarƙashin fata a duba kumburi bayan kwana biyu ko uku, ba ya nuna komai a jikinsu. Ba su da gyambo domin babu faɗa, kuma magani kan rage cutar ne kawai ta sake dawowa.

To me ke faruwa idan mutum ya warke? Ƙwayar cutar ba ta ƙarewa ƙaf. An sha gano ta a tabon da ya shekara da shekaru da warkewa. A shekarar 2002 Yasmine Belkaid da abokan aikinta suka nuna a ɓeraye cewa ƙwayoyin T masu sasantawa kan taru a wurin tsohon ciwo su hana a ƙarasa 'yan ƙwayoyin cutar da suka rage, kuma da aka cire wannan shinge har aka kashe su duka, sai ɓerayen suka rasa kariyar da suke da ita daga sabon kamuwa. Ragowar ƙwayoyin cutar ne ke riƙe wani rukuni na ƙwayoyin T a farke, shirye su ruga wurin sabon cizo cikin sa'o'i. An kuma gano wasu ƙwayoyin T masu tunawa da ke zama a fata ko'ina a jiki, har nesa da tabon. Wannan ne ya sa wanda ya warke daga gyambon Leishmania major da wuya ya sake yinsa.

Sai dai zaman sulhun yana da sharaɗi, wato ƙwayoyin CD4 su kasance da rai da lafiya. Ƙwayar cutar ƙanjamau su take cinyewa, shi ya sa mai ɗauke da ita ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da kala-azar fiye da ninki ɗari, kuma ko an yi masa magani cutar kan dawo sau da yawa. An fara ganin wannan sosai a Sifaniya da Italiya da Faransa, yanzu kuma nauyin ya fi yawa a arewa maso yammacin Habasha, da Barazil, da Bihar. Waɗanda aka yi wa dashen gaɓa da masu shan magungunan danne TNF su ma tsohuwar cutar kan tashi a jikinsu. Yunwa ma haka take yi, musamman ƙarancin furotin da sinadaran ƙarfe da zinc da bitamin A a jikin yara. Annobar da ta faɗa wa yankin Yammacin Upper Nile a kudancin Sudan (Sudan ta Kudu a yau) tsakanin 1984 da 1994, a tsakiyar yaƙi da yunwa da gudun hijira, an ƙiyasta ta kashe mutane kusan 100,000 a cikin al'ummar da ba ta wuce 280,000 ba. Duk wanda ke maganar IL-10 da intafiron-gama ya kamata ya riƙa tuna cewa waɗannan sinadarai a jikin mai jin yunwa ake auna su. Gado ma yana da nasa kaso: wani babban bincike da aka buga a shekarar 2013 a kan mutane a Indiya da iyalai a Barazil ya danganta haɗarin kala-azar da ƙwayoyin gadon HLA, waɗanda ke tsara yadda ake nuna wa ƙwayoyin CD4 guntayen cuta.

Ko dawowar garkuwar ma tana iya zuwa da nata ciwon. Wasu da aka warkar daga kala-azar sukan fito da ƙuraje da fararen tabbai a fata, galibi daga kewayen baki su bazu. A Sudan wannan kan samu kusan rabin waɗanda aka yi wa magani, cikin watanni kaɗan, kuma yawanci yakan warke da kansa. A Indiya kuwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne, yakan zo bayan shekaru, kuma sai an yi magani mai tsawo. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin T da suka farfaɗo sun gano ƙwayoyin cutar da suka fake a fata suna yaƙar su, alhali IL-10 bai gama janyewa daga fatar ba. Mutanen ba sa jin ciwo sosai, saboda haka da yawa ba sa zuwa asibiti, amma an tabbatar ƙudan rairayi na iya ɗaukar cutar daga fatarsu. Bangaladash, wadda a shekarar 2023 ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da kala-azar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, dole ta ci gaba da neman irin waɗannan mutane.

Har yau babu allurar riga-kafin lishmaniya da aka amince a yi wa mutane, ko da yake akwai ta karnuka. Abin da aka tabbatar yana aiki tsohuwar dabara ce ta mutanen Gabas ta Tsakiya da Asiya ta Tsakiya, waɗanda kan ɗebi ruwan gyambo su sa wa yaro a wani wurin da tufa ke rufewa, domin ya yi ciwon a can ya tsira daga tabon fuska. Tarayyar Sobiyet da Isra'ila sun yi wannan a hukumance da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje, Iran kuma ta yi wa mutane fiye da miliyan ɗaya a lokacin yaƙinta da Iraƙi a shekarun 1980. An daina ne saboda gyambon wasu ya ƙi warkewa, kuma da wuya a samu ƙwayoyin da ƙarfinsu ya zama iri ɗaya a kowane lokaci. Alluran da aka haɗa da matattun ƙwayoyi kuwa sun gaza a manyan gwaje-gwaje, kuma wani bincike na shekarar 2009 ya ba da haske a kan dalili: irin wannan allura ta kare ɓeraye idan da sirinji aka sa musu cutar, amma ta kasa kare su daga cizon ƙuda na gaske, saboda tururuwar nitirofil da cizon ke jawowa. Yanzu ana gwada Leishmania major mai rai da aka cire wa wata ƙwayar gado domin ta tayar da garkuwa ba tare da ta yi gyambo ba.

A shekarar 2024 masu bincike a Jami'ar York da ke Ingila suka buga sakamakon wani gwaji da aka bar ƙudaje masu ɗauke da Leishmania major suka ciji masu aikin sa kai, aka bi ciwon tun daga fitowarsa, aka yanke shi da wuri aka bincika ƙwayoyin garkuwar da ke ciki. Wannan hanya za ta ba da damar gwada riga-kafi a kan mutane kaɗan cikin watanni, da cizon ƙuda na gaske, kuma za ta nuna makonnin farko na cutar a fatar ɗan Adam, waɗanda a da sai a ɓera ake ganinsu. Iyakarta ita ce gyambon fata kawai za a iya yi wa haka, domin ba wanda zai sa wa mai lafiya Leishmania donovani, mai haddasa kala-azar, da gangan. Game da kala-azar, hujja za ta ci gaba da fitowa ne daga ragowar ruwan saifa da ɓargon marasa lafiya, da kuma bin diddigin maƙwabtansu da ke ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da sun kwanta ba, waɗanda a Bihar da Nepal sun ninka masu ciwon sau da dama.